Ƙusa a Bakin 'Yar Dogo

Saƙon ya shigo wayar ƙanena Auta ne muna tsakiyar cin abincin rana a shago. Wata yarinya ce daga ƙasar da yayanmu Dogo ya tafi tun ina budurwa. Da Sifaniyanci ta rubuto, waya ta juya mana shi zuwa wata irin Hausa mai ɗingishi, amma dai mun fahimci abu biyu. Dogo ya rasu, ciwon zuciya, har an binne shi a can. Ita kuma 'yarsa ce, tana so ta zo ta ga gidan da ya fito.

Auta ya ajiye cokali ya dafe kai. Ni kuwa na ci gaba da tauna lomar da ke bakina, don ban san yadda zan yi da ita ba.

Mu gidan masu gyaran kujeru ne. Baba ya yi, Dogo ya yi kafin ya yi fushi ya bar gida, yanzu ƙanenmu Auta ke riƙe da shagon da ke jikin gidanmu, ni kuma ina kan keke ina ɗinka rigunan kushin. Da Dogo ya tafi, shekarun farko yana kira jefi-jefi, daga baya ya ɗauke wuta. Baba ya rasu bai zo ba. Bai taɓa ce mana ya yi aure ba, balle a yi maganar haihuwa.

Da yamma muka shiga wurin Inna, muka zauna, muka yi ta kewaye-kewaye, har dai Auta ya faɗa. Ta dube shi, ta dube ni.

"Wa ya gaya muku?"

"'Yarsa ce ta aiko, Inna."

"Wace 'yar? Ni ban ga gawa ba, ban ga kabari ba. Wata da ba ku san daga inda ta fito ba ta latsa waya ta kashe mini ɗa, ku kuma kun zo kun cika mini ɗaki da jan hanci. Ku tashi ku ba ni wuri."

Washegari maƙwabta suka fara shigowa gaisuwa, ta tare su a bakin ƙofa ta ce ita ba a yi mata mutuwa ba, su koma su dafa wa mazajensu abinci. Da ta ji yarinyar ta sa ranar zuwa, sai ta ce, "In ta zo ku nema mata masauki. Ɗakina dai ba za ta taka ba."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a wuya. Yarinya za ta ƙetaro rabin duniya, ta iso ƙofar kakarta, a ce mata ba a san ta ba. Ta rasa uba, sannan ta zo ta rasa mu. Kuma na san Inna sarai. Ba yarinyar take ƙi ba. In ta karɓi yarinyar, ta karɓi labarin da yarinyar ta kawo ke nan, shi ne abin da ba ta so.

Ba zan ɓoye ba, hoton da ta turo bai taimaka ba. Gajeriya ce, fara, ga gashi kamar an zuba mata shi da bokiti, alhali Dogo sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Matar Auta ta yini tana buɗa hoton da yatsu biyu tana binciken kunne da haɓa, ta ce wallahi ita ba ta ga komai namu ba, a dai yi hattara, duniya ta lalace. Na ce mata, "Ke, wa zai yi ƙarya don ya gaji soso da ƙura? In damfara ce ai gidan mai gwal za ta nufa." Ta ce ita dai ta faɗi nata.

Auta ya ce ba matsalar yare, waya za ta yi mana tafinta. Na ce wayar da ta kira yayanmu "tsohon mutum na" ce zan bari ta tarbar mini 'ya? Ko jimla ɗaya ce, da bakina zan faɗa mata. Ina so ta ji daga bakin ɗan Adam cewa daga gidan nan ta fito, ko da Inna ta juya mata ƙeya.

A layinmu akwai Mai Kemis, wurinsa nake sayen maganin hawan jinin Inna. Kowa ya san ya yi karatun haɗa magani a wata ƙasa da ake Sifaniyanci, don ba ya barin a manta. Na same shi yana jera kwalaye, na gaya masa buƙatata. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, kamar wanda aka kawo wa babban aiki.

"Jimla ɗaya kawai, Malama?"

"Ɗaya tak. 'Daga gidan nan kika fito.' Shi ke nan."

"In kin faɗa ta amsa fa? Sai ki tsaya kina kallonta? A'a. Kalmar za ki koya, ki san kanta da ƙafarta. Kalmar ita ce venir, wato zuwa. In kika bi ta da de, ta zama fitowa daga wani wuri. Ce vengo."

Na ce, "Bengo."

Na zaci zai gyara mini, sai na ga ya washe baki. Ya ce Allah Ya taimake ni, su ma masu yaren kusan haka suke faɗa, ba sai na ciji leɓe ba. Vengo, na fito. Vienes, kin fito ko ka fito. Viene, ya fito ko ta fito. Ya so ya zarce da mu da ku da su, na ce ya dakata, kaina ba kwali ba ne da za a yi ta cusa masa kaya.

Daga ranar ya kafa mini doka. Duk sanda na shigo kemis, ko gaisuwa ba zai amsa ba sai ya tambaye ni, "¿De dónde vienes?" Daga ina kike? Ni kuma sai na amsa da gaskiyar inda na fito. Vengo de casa, daga gida. Vengo del taller, daga shago. Vengo del mercado, daga kasuwa. Ga mutane tsaye suna jiran maganin mura, ga ni, mace da jikoki, ina ta bengo bengo kamar aku. Wata rana wani tsoho ya tambaye shi a hankali ko ciwon nawa ya daɗe. Na ce, "Baba, lafiyata ƙalau, karatu nake." Ya ce, "Allah Ya sawwaƙe."

A shago kuwa sunana ya koma Bengo. Auta zai leƙo daga bayan kujera ya ce, "Yaya Bengo, an gama rigar kushin ɗin nan?" Na ce zai ci ƙaniyarsa. Amma ina taka keke ina maimaitawa, ƙafa na tafiya baki na tafiya, har na saba.

Mai Kemis mutum ne mai son a san ya sani. Ya ɗauko kwalin wani magani ya nuna mini wata kalmar, proviene, ya ce ƙanwar waccan ce, ita ake sa wa in ana maganar asalin abu, inda aka samo shi. Ya ce akwai wata ma ta uku. Na ce ya riƙe abarsa, 'yar yayana ba kwalin magani ba ce. Amma akwai abin da ke damuna, na tambaye shi.

"Ita fa ba a nan aka haife ta ba. Ko hanyar gidan ba ta sani ba. In na ce mata vienes de esta casa, ba za ta ɗauka na ruɗe ba?"

Ya daina wasa da biro. Ya ce, "Malama, da kalmar da mutum yake fitowa daga kasuwa, da ita yake fitowa daga dangi. Za ta gane." Daga nan ya ce Allah Ya ji ƙan Dogo, shi ne mutum na farko da ya yi mini gaisuwa na amsa. Na fito da sauri don kada in yi kuka a gaban masu sayen maganin mura.

Inna tana jin ina bita a tsakar gida, ba ta taɓa tambayata ma'ana ba. Sau ɗaya ta ce, "Ke da girmanki." Na ce, "Inna, 'yar Dogo ce fa." Ta ce, "Dogo zai zo ya faɗa da bakinsa." Ta ja ƙofarta.

Ranar da za ta iso muka share gida, aka wanke labule. Falonmu kujeru uku ne, biyu lafiyayyu, ta ukun mazauninta ya lotsa tun bara. Kullum Auta sai ya ce gobe, na mutane ne a gaba. Matar Auta ta cusa mata filo ta lulluɓe da zane mai fure, ta ce ba wanda zai gane. Inna kuwa, da muka zaci za ta kulle kanta a ɗaki, sai ta fito ta shimfiɗa dardumarta a kusurwar falon ta zauna da carbinta. Ta ce falonta ne, ba za ta tashi don wata baƙuwa ba.

Bayan azahar Auta ya dawo da ita daga filin jirgi. Ta shigo da wando da jaka a baya, ta fi hoton gajarta. Ta tsaya tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "¿Tía?" Mai Kemis ya gaya mini wannan ita ce goggo. Na ce na'am. Ta rungume ni. Hannayenta na ji a bayana, masu kaushi, ba irin na 'yan ofis ba.

To, jimlar da na kwashe makonni ina yi wa hidima, a nan ta gudu ta bar ni. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne tambayar Mai Kemis: "¿De dónde vienes?" Mutum ya sauko daga jirgi ya zo gidan ubansa, wai ina tambayarsa daga ina yake! Ta yi dariya, idonta ya cika, ta kwararo mini magana kamar an buɗe famfo. Vengo kaɗai na tsinta a ciki. Na yi ta gyaɗa kai, kunya kamar in nutse.

Ta juya wajen Inna ta ce, "Abuela," wato kaka, ta ɗan rusuna. Inna ta ci gaba da jan carbi, idonta a kan bango. Yarinyar ta jira. Ta sake faɗa, a hankali. Ko gezau. Na ga fuskarta ta canza, ta gane. Wannan ba ya buƙatar tafinta. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji ina jin haushin uwar da ta haife ni.

Auta ya yi ta maza ya nuna mata wurin zama, ita kuma cikin ukun nan ba ta zaɓi kowace ba sai mai zanen fure. Tana zama ta nutse, gwiwoyinta suka yi sama. Matar Auta ta ce, "Na shiga uku!" Yarinyar ta miƙe da ƙyar. Ni na zaci za ta koma wata kujerar. Sai ta yaye zanen, ta cire filon, ta danna mazaunin da tafin hannu. Kafin mu ankara ta kama kujerar ta kifa ta a tsakiyar falo, ƙafafu a sama.

Matar Auta ta raɗa mini, "Baƙuwa da kifa kujerar mutane? Wannan wace irin tarbiyya ce?"

Yarinyar ta yage tsumman ƙasan, ta nuna wa Auta bel ɗin da ke riƙe mazauni, biyu sun saki daga jikin katako. Ta dube shi ta girgiza kai, irin kallon da ake yi wa wanda ya san aiki ya ƙi yi. Ta yi alamar bugu da hannu. Auta, gumi na keto masa, ya shiga shago ya dawo da akwatin kayan aiki da injin harba ƙusa, wanda yake aiki da shi yanzu kamar kowa. Ya miƙa mata injin. Ta ture shi gefe. Ta tona akwatin har ƙasa, ta zaro tsohuwar gudumar Baba, siririya mai maganaɗisu a kai, da gwangwanin ƙananan ƙusoshi da ba wanda ya buɗe tun rasuwarsa. Ta zuba ƙusoshin a tafin hannu, ta watsa su a baki.

Carbin Inna ya tsaya.

Haka Baba yake aiki. Ƙusa a baki, hannun hagu na jan bel, ya kai kan guduma leɓe, harshe ya turo ƙusa ɗaya ta manne, ya buga, ya sake kaiwa. Hannu ba ya taɓa ƙusa. Kuma a kan wannan ne Dogo ya bar gida. Shi ya fara kawo injin harba ƙusa shagon, ya ce duniya ta wuce tsotsar ƙarfe, wata rana sai wani ya haɗiye ya mutu. Baba ya ce ƙusar inji ba ta san katako ba, ya ɗauki injin ya jefa a kwata a gaban masu kawo aiki. Dogo ya ɗaga masa murya, Baba ya mare shi. Da zai fita ya rantse, a gaban Inna, cewa shi da ƙusa a baki har abada, kuma ko ɗansa ba zai koya wa wannan wahalar ba.

Ga 'yarsa nan durƙushe a falonmu, kumatu a cike, tana kai guduma leɓe tana bugawa. Ta ninka bakin bel ɗin baya kafin ta ƙara bugu, ta ɗan karkata kai hagu don ta ga layi. Auta ya ce mata wani abu, ta amsa masa da hanci, "Uhm," don mai ƙusa a baki ba ya magana. Da wannan "uhm" ɗin muka tashi a gidan nan. Auta ya juya ya fuskanci taga.

Ba wanda ya yi motsi sai ƙarar guduma. Matar Auta ta buɗe baki za ta yi magana, na taka mata ƙafa.

Inna ta dafa bango ta miƙe. Ba ta saba miƙewa ba tare da an kama ta ba, amma da na matso ta kaɗe hannuna. Ta tako a hankali har inda yarinyar take, ta tsaya a kanta tana kallon aikin. Yarinyar ta ɗago, gudumar a hannu. Inna ta miƙa tafin hannunta ƙarƙashin haɓar yarinyar.

"Tofa," in ji ta.

Da can in abinci ya sauka haka take zagaya shagon, hannu a buɗe, ta karɓe ƙusa daga bakin Baba da na Dogo, don in ba haka ba sai abincin ya huce. Yarinyar ba ta san kalmar ba, amma ta dubi hannun, ta sunkuyar da kai, ta zubo sauran ƙusoshin a ciki, jiƙe da yawu. Inna ta dunƙule hannun. Da ɗaya hannun ta kama haɓar yarinyar ta juya fuskarta wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Ja'iri," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ashe ya koma wa ƙusa a baki."

Ta juyo gare ni. "Ke da kika hana mu sakat da bengo bengo, ba sai ki gaya mata ba? Me kike jira?"

"Me zan ce mata, Inna?"

"Abin da kika yi ta haddacewa. Kin zaci ban tambayi Mai Kemis ba?"

Na durƙusa kusa da yarinyar, na dafa kafaɗarta. Wannan karon jimlar ta zo. "Vienes de esta casa." Ta dube ni, ta dubi Inna, ta saki gudumar ta rufe fuska da hannu biyu. Ta yi ta cewa sí, sí, wato e, e, tana kuka. Ta ƙara wata doguwar magana da ban gane ko kalma ɗaya a ciki ba, ban kuma damu ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta koma kan dardumarta ta zauna, ƙusoshin na nan a hannunta. Can ta kira Auta, ya juyo yana goge fuska da hannun riga.

"Ka ɗauki jakar yarinyar nan ka kai ɗakina. Ka sa mata katifa kusa da gadona."

"To, Inna."

"In ka gama ka rufe shago, ka shimfiɗa tabarmi a waje." Ta numfasa. "Ka bi gida-gida ka gaya wa waɗanda na kora su dawo. Ka ce musu an yi mini mutuwa, ɗana ya rasu."